Kazata ta yi kwanci, ni kuwa ba na son 'yan tsaki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina kiwon kaji shida a bayan ɗaki, saboda ƙwai kawai na ajiye su. Ko zakara ba ni da shi, domin wurin ba shi da faɗi kuma ba na son su ƙaru. Yau kwana 12 ke nan ɗaya daga cikinsu ta shige gurbi ta ƙi fitowa. Na kwashe ƙwan da ke ƙarƙashinta, amma ta ci gaba da kwanciya a kan ciyawa zalla. In na miƙa hannu sai ta kumbura ta kawo min sara. Ta daina ƙwai, ta rame, kuma da na ɗaga ta na ga ƙirjinta babu gashi. Wata maƙwabciyata ta ce in tsoma ta a ruwan sanyi, wata ta ce in ɗaure mata ƙafa a rana in hana ta abinci, maigidana kuma ya ce in rabu da ita, za ta gaji don kanta. Wanne zan bi? Ko dai ciwo ne? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Duk abin da kika lissafa alamar kwanci ce, har da ƙirjin nan da ya tsorata ki. Ita ta fige gashin da bakinta, domin fatarta ta riƙa taɓa ƙwai kai tsaye, ɗumin jikinta ya shige shi. A cikin shawarwari ukun nan babu wadda zan ce ki bi, ko da yake ta maigida ta fi sauran tausayi, kuma zan faɗa miki inda ita ma ta gaza.

Kafin komai ki tabbatar kwancin ne, don akwai ciwon da ke kwantar da kaza a gurbi. Ki ɗauko ta ki ajiye a fili ki koma gefe. Mai kwanci za ta ɗan zauna a tsugune kamar ba ta san an taɓa ta ba, can sai ta miƙe ta girgije, ta yi wani ƙaton kashi mai wari wanda ta tara tun jiya, ta ci ta sha cikin gaggawa tana ƙuƙ-ƙuƙ, sannan ta ruga gurbi. Idonta tar yake, kuma faɗa na nan a bakinta. Mara lafiya ba ta da wannan kuzarin: ido a lumshe, fuka-fuki a sake, wutsiya a ƙasa, inda kika ajiye ta nan za ki same ta. In kuwa kika ga tana yunƙuri, tana tafiya a tattale, cikinta ya yi tauri, to mai yiwuwa ƙwai ne ya maƙale mata, wannan kuwa sai likitan dabbobi a ranar, ba a kwana da shi. Taki da ke kawo sara, ina kyautata zaton lafiyarta ƙalau.

Abin da ke faruwa a jikinta shi ne wani sinadari da ake kira furolaktin ya yi yawa a jininta. Wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa ne ke fitar da shi, kuma tun a 1935 wani masani Ba'amurke, Oscar Riddle, tare da abokan aikinsa suka nuna cewa in aka yi wa kaza allurar sinadarin sai ta shiga kwanci. In ya hau, mahaifar ƙwai takan tsuke ta daina aiki, sha'awar abinci ta ragu, kazar ba ta son komai sai zama. Abin da ya kamata ki riƙe shi ne abin da ke hana shi sauka: ɗumi a ƙarƙashin ciki, da taɓawar ƙwai ko shimfiɗa a fatar ƙirji, da lungu mai duhu inda ba a damunta. Muddin waɗannan na nan, jikinta zai ci gaba da gaya mata cewa aiki bai ƙare ba. Shi ya sa kwashe ƙwai bai yi miki amfani ba. Kin ɗauke ƙwan, amma kin bar mata gurbin da ɗuminsa.

Nan ne shawarar maigida ta samu matsala. Ƙwan kaza kwana 21 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe, amma kaza ba ta ƙidaya kwana. Abin da ke tashinta shi ne kukan 'yan tsaki da motsinsu a ƙarƙashinta. Ke kuwa ba ki da zakara, ƙwanki ko shekara ya yi a ƙarƙashinta ba zai zama komai ba sai baragurbi. Wasu kajin sukan haƙura bayan mako uku ko huɗu, gaskiya ne. Wasu kuwa sai su zarce mako shida suna jiran abin da ba zai zo ba, suna fita sau ɗaya a rana na 'yan mintoci, suna cin ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ki shafa ƙashin ƙirjinta ki ji yadda ya fito. A lokacin zafi ƙishirwa kaɗai na iya kashe ta a gurbin. Sannan ga ƙuma da ƙwarƙwata, waɗanda babu abin da suke so kamar kazar da ta zauna wuri ɗaya ta daina birgima a ƙasa. Sauran kajin biyar su ma abin na shafarsu: ta tare gurbin da suka saba, su hau kanta su yi ƙwai, a yi ta turereniya har ƙwai ya fashe, kuma kazar da ta ɗanɗana fasasshen ƙwai wuyar hanawa gare ta. Masu kiwo da yawa sun lura cewa in aka bar ɗaya ta daɗe, sai wata ma ta bi sahu.

Da a kwana na farko ko na biyu kika rubuto, da na ce ki riƙa fito da ita sau da yawa a rana, ki kwashe ƙwai safe da rana da yamma, ki toshe gurbin da zarar sauran sun gama ƙwansu, in dare ya yi kuma ki ɗora ta a kan sandar da suke kwana. Kaji ba sa gani sosai a duhu, inda aka ɗora ta nan za ta kwana, iska na ratsa ƙarƙashinta. Wannan yakan wadatar ga wadda abin bai kama sosai ba. Amma kwana 12 ya yi nisa. Taki sai keji.

Ki nemi keji wanda ƙasansa ragar waya ce, mai ƙananan idanu yadda ƙafarta ba za ta zurma ba, kuma ki duba kada a samu bakin waya mai kaifi. Girmansa ya isa ta miƙe, ta juya, ta buɗe fiffike. Ki ɗora shi a kan bulo ko duwatsu ya tashi daga ƙasa kamar taƙi ɗaya ko fiye, domin iska ta riƙa wucewa ta ƙasa. Wannan ɗagawar ita ce maganin. In kika ajiye kejin a ƙasa, ta kwanta ta ɗumama wurin, kin yi aikin banza. Kada ki sa mata ciyawa, ko tsumma, ko kwali, ko buhu, komai tausayin da ya kama ki, don duk abin da kika shimfiɗa gurbi zai zama. Abin da za ki iya sa mata shi ne sanda ɗaya a gicciye, ta samu wurin hutar da ƙafa. Abinci da ruwa su kasance a gabanta dare da rana, ki ɗaure mazubin a jikin kejin don za ta yi fushi ta kifar da shi.

Wurin da za ki ajiye kejin ma da muhimmanci. Inuwa ake so mai haske da iska, ban da rana tsaka, ban da lungu mai duhu. In zai yiwu ya kasance inda 'yan'uwanta ke ganinta, saboda kaji na da tsarin girma a tsakaninsu, wadda ta ɓace musu na wasu kwanaki in ta dawo sai su tarbe ta da duka kamar baƙuwa. Da dare ki shigar da kejin wurin da kyanwa, kare, ɓera ko maciji ba za su kai gare ta ba, amma a ɗage dai, kada a sauke shi ƙasa. Kaza a keji ba ta da hanyar gudu, tsaronta na wuyanki.

Ki bar ta kwana uku, dare da rana. Da yamma, bayan kin toshe gurabun, kina iya sakinta na ɗan lokaci ta yi birgima ta miƙe ƙafa, kina tsaye a kanta, sannan ki mayar. A safiyar kwana na huɗu ki buɗe mata ki zuba ido. In ta shiga cikin sauran tana tone-tone, tana tsince-tsince, ta daina kumburin nan da gurnani, to an gama. In kuwa ta miƙe zuwa gurbi ta baje, ki ɗauko ta ki ƙara mata kwana biyu. Kada ki yarda da gwajin minti biyar. Ina da wata baƙar kaza mai wayo, takan yi kiwo lafiya lau muddin ina tsaye, ina juya baya sai in tarar da ita a gurbi ta lafe. Ki duba ta da rana, ki sake dubawa da magariba ki ga inda ta zaɓa ta kwana. Wadda ta daɗe kamar taki tana iya cin mako guda, don haka kada ki karaya a kwana na uku ki ce dabarar ba ta aiki.

Za ki ji ta tana zirga-zirga tana ƙorafi, zuciyarki ta ce kin zalunce ta. Ki tuna a kejin tana ci tana sha fiye da yadda take yi a gurbi.

Maganar tsomawa a ruwa tsohuwar dabara ce da ake yi a ƙasashe da dama, kuma wadda ta ba ki ita ta kama rabin gaskiya, tunda sanyaya ƙarƙashin ciki ake nema. Sai dai zafin jikin kaza yana kusan digiri 41 a ma'aunin Salshiyos, sanyin 'yan mintoci ba ya daɗewa, tana bushewa za ta koma ta ɗumama gurbinta. Ga kuma haɗari: ruwa ya shiga hanci, ko sanyi ya kama kazar da dama ta rame, musamman in an yi da yamma ta kwana a jiƙe. Wanda ya nace, to a yi da rana lokacin zafi, da ruwan da ba na ƙanƙara ba, ciki kawai, kai ba ya shiga. Ni dai ba na yi, keji ya fi shi aiki kuma ba ya razana ta.

Ɗauri a rana da hana abinci kuwa, ki gaya wa maƙwabciyarki cikin ladabi cewa ta daina, ko a kan nata kajin. Kazar da ta yi kwana 12 tana hana kanta abinci, me yunwa za ta koya mata? Kaji ba sa gumi, da haki suke fitar da zafi, kuma wadda aka ɗaure a rana babu ruwa tana iya mutuwa kafin la'asar. In ma ta tsira, igiya ta ci mata ƙafa ko ta gurɗe wajen fizga. Kwanci ba taurin kai ba ne balle a hore shi da azaba, aikin jini ne.

Bayan ta tashi kada ki sa ran ƙwai washegari. Mahaifar da ta tsuke sai ta sake girma. Wadda aka tare da wuri takan dawo cikin mako ɗaya zuwa biyu, taki tana iya kai mako uku ko huɗu. Ki ba ta abincin kaji masu ƙwai wadatacce, kada ki cika ta da tsaba zalla, domin tana bukatar abin gina jiki ta mayar da nama da gashi, da kuma sinadarin ƙashi don ɓawon ƙwai. Ki lura da zankonta: yanzu ya koɗe ya yanƙwane, ranar da kika ga ya yi ja ya cika, ƙwai ya kusa. Gurbin da ta zauna kuma ki kwashe shimfiɗarsa ki ƙone, ki wanke. Akwai wata jar ƙuma da ba ta zama a jikin kaza, tana ɓuya a tsagin katako da rana ta fito shan jini da dare, kuma cikin kusan mako guda take girma ta hayayyafa. Ki shiga akurki da tocila bayan isha, ki goga farin ƙyalle a ƙarƙashin sandar kwanansu. In kika ga jan zane a ƙyallen, suna nan. Ki nemi maganin da aka yi don kaji wurin likitan dabbobi, kada ki shafa mata maganin ƙwarin gona ko baƙin man inji.

TAMBAYA: Malam, ni ina da zakara. Kazata ta ɓace, sai na gano ta a bayan tarin itace kwance a kan ƙwai tara, ina jin ta kai kwana biyar. Ba ni da wurin 'yan tsaki. Zan iya kwashe ƙwan mu ci? Kuma in na sayar da zakaran za ta daina? Daga wani magidanci.

AMSA: Malam, ƙwan da kaza ta kwana biyar a kansa ba na ci ba ne, balle wanda aka tara a ɓoye ba ka san ranar da aka fara ba. Tara ɗin nan ta ɗauki fiye da mako tana tara su kafin ma ta kwanta. Ka haƙura da su.

In ba ka son 'yan tsaki, yau za ka yanke shawara, kada ka bari sai mako mai zuwa. Ka haska ƙwan da tocila a ɗaki mai duhu. Wajen kwana na bakwai ana ganin jijiyoyin jini sun bazu daga wani ɗigo, a kwana biyar ma sau da yawa sun fara bayyana. In abin da ka gani ke nan, ka kwashe ka binne da zurfi yadda kare ba zai tono ba, ka rushe wurin, ka sa ta a keji kamar yadda na bayyana a sama. In kuwa ka ga ƙwan ya yi duhu kusan duka, sai ɗan fili a gefe mai faɗi, to lissafinka ya yi kuskure, ta wuce mako biyu, ɗan tsako ya riga ya haɗu. A nan ra'ayina shi ne ka bar ta ta ƙarasa 'yan kwanakin, ka fara neman wanda zai karɓe su. Ka sani dai kusan rabinsu zakaru ne, kuma su ne ke wuyar samun mai so.

Sayar da zakara ba zai hana kwanci ba, ga wasiƙar da ta gabata shaida, mai ita ba ta da zakara ko ɗaya. Abin da zai hana kawai shi ne ƙyanƙyasa, shi ma ba nan take ba, domin kaza na ajiye maniyyin zakara a jikinta, ƙwanta ya ci gaba da zama mai rai har mako biyu, wani lokaci uku, bayan rabuwarsu. In kana son zakaranka ka riƙe abinka. Ƙwan da aka ɗauke a ranar da aka yi shi aka ajiye a wuri mai sanyi ba shi da bambanci da wanda babu zakara wajen ci, don ɗan tsako na bukatar ɗumi kusan digiri 37 da rabi a jere kafin ya girma yadda ya kamata. Aikinka shi ne kada ƙwai ya taru. Ka riƙe kajin a akurki har hantsi ya ɗaga sosai, tunda yawancinsu da safe suke ƙwai, in kuma ka ga wata ta rage kawowa alhali zankonta ja ne, ka bi sawunta, tana da ma'aji.

Wani zai ce ka sa mata ƙwan roba ko dutse ta kwanta a kai har ta gaji. Wannan ƙara wa kwancin ƙarfi yake yi, tunda taɓawar ce ke riƙe da shi.

TAMBAYA: Malam, kazata kusan duk bayan wata biyu sai ta maimaita kwanci. Babu wata allura ko ƙwaya da za a ba ta a huta? Daga wata uwargida.

AMSA: Hajiya, babu wadda zan ce ki saya. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba shi da aiki a nan don babu cuta, kuma kada ki bari wani ya sa ki ba ta ƙwayar mutane, domin abin da ta sha yana iya fitowa a ƙwan da za ku ci.

Yawan kwanci gado ne. Kajin gida da ba a taɓa tace irinsu ba sukan yi ƙwai goma zuwa sha biyar su kwanta, kwancin nan kuwa sun gaje shi ne daga kakanninsu na daji a kudu maso gabashin Asiya, inda aka fara mayar da kaza dabbar gida. Nau'o'in kaji irin su Silkie da Cochin da Orpington an san su da son kwanci, har wasu don shi kaɗai suke kiwonsu. Leghorn kuwa, wadda asalinta daga Italiya ne, da kajin gona irin ISA Brown da aka samar a Faransa a 1978, an yi shekaru ana zaɓar waɗanda ba sa kwanci ana hayayyafa su, tunda injin ƙyanƙyasa ya karɓi aikin. Shi ya sa irin waɗannan ke iya yin ƙwai kusan 300 a shekara, kuma da wuya ki ga ɗaya ta lafe a gurbi. In ƙwai kawai kike so, nan gaba ki san irin da za ki saya.

Ita wannan da ke hannunki, abin da ya dame ki shi wani ke nema ido rufe. Kaza mai riƙe kwanci tana ƙyanƙyashe ƙwan zabo, da na talotalo, da na wasu agwagi, duk da cewa su wajen kwana 28 suke ɗauka, kuma ta rene su kamar nata. In kin san mai bukata, ki yi musanye da shi ya ba ki mai ƙwai. In kuma kin shaƙu da ita ba kya son rabuwa, to ki ajiye kejinki kusa, ki sa mata ɗan zobe sakwa-sakwa a ƙafa don duk wanda ke gidan ya gane ta. Alamar farko ita ce daren da ta ƙi hawa sanda ta kwana a gurbi. Washegari da safe ki sa ta a keji, kada ki jira ki ga ko za ta fasa. A wannan matakin kwana biyu yakan isa, kuma ƙwanta ba zai daɗe bai dawo ba.